Waƙar Inna a Bayan Iyakar Harami

Azumin bana da sauƙi ya zo. Da asuba har sai na ja mayafi, da la'asar kuma iska na shigowa ta tagar kicin, amma 'yan matan da ke taya ni aiki sai kukan ƙishirwa suke yi. Dariya kawai nake yi musu. Wanda bai yi azumin Makka a tsakiyar bazara ba bai san ƙishirwa ba, labarinta ya ji. Ni na yi su da dama, kuma akwai guda a cikinsu, na shekarar 2015, wanda ba na son a tuna mini. Duk da haka, da zarar an ce an ga wata sai ya zo ya zauna mini a ƙirji ko sallama babu.

A lokacin a unguwar Shisha muke, nan cikin Makka, can saman tudu inda mota ke nishi kafin ta hau. Ni da Hajiya Dije ne a gidan, wata Bakanuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba, wadda ta ɗauke ni bayan rasuwar maigidana. Sana'armu girki. Masu zuwa Umara daga gida sukan sauka a benayen Aziziyya, kwana biyu sun gaji da shinkafar Larabawa, sai a neme mu da kunu da ƙosai da tuwo miyar kuka. Watan azumi shi ne kakarmu, abin da muka samu a cikinsa shi ke kai mu har Hajji.

Sai na faɗi inda na fito, in ba haka ba ba za a gane labarin ba. Ni 'yar bakin Binuwai ce, daga wani ƙauye a ƙasar Numan, kuma a gida Rahila nake. Iyayena 'yan cocin Lutheran ne tun kakanni. Mijina na fari ya rasu ya bar ni da goyo, yarinya mai suna Murna. Daga baya na auri wani ɗan kasuwa Musulmi daga Yola, na musulunta, na koma Rahinatu, shi ya taho da ni nan. Mahaifiyata, Inna Tabita, ta ce a bar mata yarinyar ta taya ta zama. A danginmu wannan ba abin tashin hankali ba ne, da Sallah da Kirsimeti kwano ɗaya ake sa wa hannu. Inna ta yi mini addu'a irin tata, ta raka ni tasha. Murna ta tashi a addinin kakarta, kuma ni da ita mun san Makka ba garin da za ta taɓa shiga ba ne, shi ya sa ba ma ko zancen.

Inna ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu. A wurinmu mutum ɗaya ba ya yin waƙa. Akwai mai bayarwa, ita ke jan baiti ta ajiye, sai sauran mata su karɓa da amshi. Tun ban kai tsawon kafaɗarta ba nake tsayawa a bayanta da tulu, irin tulun ƙasan nan mai huda a gefe da ake buga bakinsa da tafin hannu. Inda duk aka ga Tabita, to, Rahila na bayanta. Shekara guda kafin azumin da nake ba da labari Inna ta rasu, ban samu zuwa jana'iza ba.

A farkon watan ne saƙon muryar Murna ya shigo wayata.

"Mama, barka da shan ruwa. Ki nemi wuri ki zauna ki ji ni da kyau, kada ki ji ni kina juya ƙosai."

Na zauna a kan buhun wake. Ta gama sakandare, waƙa take so ta karanta, waƙar coci, kuma makarantu biyu ne a gabanta. Ɗaya babbar kwaleji ce a kan duwatsun Filato, ana koyar da karanta waƙa a rubuce da kaɗa piyano, sun riga sun ce ta zo, amsarta kawai suke jira. Ɗayar ƙaramar makarantar coci ce kusa da ƙauyenmu, ko wutar kirki babu. Amma akwai wani tsohon malami a can da ya ɗaura ɗamarar tattara waƙoƙin yarenmu kafin tsofaffi su ƙare. Shi ba ya karɓar ɗalibi sai ya kawo masa waƙar gidansu, wadda babu ita a littafin waƙoƙin coci, ya rera masa daga farko har ƙarshe.

Na kira ta, na ce, "To ke wacce kike so?"

"Ta gida, Mama. Kawu da fasto sun dage sai Filato, wai takardarsu ta fi daraja. Amma in na je can, waƙar Turawa zan dawo da ita, kowa ma yana da ita. Ta Kaka ce babu mai ita. Waƙar gayya nake so in kai wa malam. Na zaga matan zumunta, kowacce ta ce in tambaye ki, ke ce mai riƙe mata tulu."

"Waƙar gayya? Wannan ai ko daga barci aka tashe ni."

"Wa'adin kafin Sallarku ne fa, Mama. In ban samu ba dole in ba Filato amsa."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Da gaske nake faɗa, ban ɗarsa komai a raina ba. Farin cikin da na yi ranar ban taɓa yin irinsa a Makka ba. Shekara da shekaru abin da ke zuwa wa yarinyar nan daga hannuna bai wuce dogayen riguna da turare da nake ba alhazai su kai mata ba, abin da kowa zai iya saya a kasuwa. Yau ga shi ta roƙe ni abin da babu mai shi sai ni.

Waƙar gayya tana da tarihi. Wata damina ce ina 'yar budurwa, ruwa ya yi latti, aka yi shuka ta ƙone, aka sake. Kafin dawa ta kai gwiwa rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye. Tafasa muke ci da rama, a dafa a matse, a barbaɗa ƙuli in akwai, in babu a ci haka. Kogi ya cika ya yi jawur, masu su suna dawowa da koma a wofi. Ciyawa ta taso za ta cinye gonar coci, wadda daga cikinta ake ciyar da gwauraye da marayu, amma babu mai fita, don mai yunwa ba ya noman gayya. Sai Inna ta fara tashi da sassafe ta hau wani suri a bakin gari, ni ina biye da tulu, raɓa ta jiƙa mana zane har gwiwa. Ta ɗaga murya tana kiran mutane, tana roƙon ruwa, tana ambaton Ubangiji. Duk baitin da ta ajiye sai in amsa da yare, abin da ma'anarsa da Hausa ita ce: mun ji, ga mu nan tafe. Da fari ni kaɗai ke amsawa, cikina na ƙugi ya kusa fin tulun ƙara. Can sai wata murya ta karɓa daga bayan danga, sannan wata, sai ga mata suna fitowa da fartanya a kafaɗa suna tangaɗi don yunwa. An nome gonar nan tas. Tun daga shekarar, duk faɗuwar damina sai Inna ta ba da waƙar a coci, mu amsa.

Wannan ce waƙar da na yi alkawari, kuma na ɗauka aikin minti kaɗan ne.

Ga yadda yininmu yake a wancan azumin. In mun yi Asuba mu ɗan kishingiɗa, barcin da bai kai ya kawo ba. Hantsi na yi mu tashi surfen wake da jiƙa gero. Kicin ɗin gidan ba shi da taga. Na'urar sanyaya ɗaki, da muke kira mukayyif, guda ce tak a ɗakin kwana, ta tsufa, ruri kawai take yi. Ruwan famfo ya ɗauke a unguwar, sai dai a sayi na tanka, direbobin kuma ba sa son hawa tudunmu, sai an yi ta lallashi kamar ana neman aure. Wanda ya samu shiga tankin kan soro kuwa, in ka buɗe shi da azahar sai ya nemi saɓule maka fata, dole mu tara a bokiti tun safe ya huce kafin a yi alwala. Ruwan wankin wake ba ma zubarwa, da shi ake wanke tukwane, na tukwanen kuma a kai banɗaki.

Azahar na wucewa a kunna wuta. Risho uku a ɗaki marar taga, mai na tafasa, tururin kunu na dukan fuska, ga ƙanshin tsamiya yana tsinka maka yawun da ba ka da shi. Gumi yakan zubo har ya gaji ya daina, sai gishiri ya bushe a wuyan riga. Hajiya Dije da ido take auna gishirin miya, ba ta taɓa kuskure ba, kuma ba ta taɓa barin a manta da hakan ba. Da la'asar sakaliya Malam Sule, wani mutumin Nijar mai tasi, ya zo ya kwashe mu da kuloli zuwa Aziziyya. Benaye ne masu hawa da yawa, lif kullum a cike da baƙi, sai mu bi matakala. Sau da yawa a kan matakalar kiran sallah ke riskarmu, mu sha ruwa da dabino da ruwan gorar da ya yi ɗumi a jaka. Daga nan sai komawa a ɗora na sahur.

Cikin wannan hali na nemi inda zan rera waƙar in ɗaukar mata a waya. Ranar farko na ɗauki wayar na hau soro da hantsi. Daga can ana hango dogon benen agogo da ƙarafunan masu aikin faɗaɗa masallaci. Na buɗe baki, sai na rufe. Ba wanda ya hana ni, ni ce na kasa. Ƙasar Harami ce, inda ko ciyawa ba a cirewa, ko tsuntsu ba a kora. Na ga bai dace in ɗaga waƙar wani ɗakin ibada a cikinta ba, ko da kuwa ta uwata ce. Na kuma ga bai dace da Inna ba in shige banɗaki in rera waƙarta cikin raɗa kamar kayan sata, matar da ke hawa suri don gari duka ya ji. Sai na sauko, na ɗaure bakina, ko gunguninta ban yarda na yi ba. A cikin kaina dai ina jin muryar Inna tana hawa tana sauka, wannan ya ishe ni shaida cewa waƙar na nan.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Murna ta turo, "Mama, shiru." Ta sake turowa, "Kawu ya fara yi mini faɗa." Ni kuwa ƙosaina ya fara ƙonewa.

"Rahina," in ji Hajiya Dije, "kwana biyun nan ƙosanki ya fi gawayi baƙi. Ko miji kika samu ba ki faɗa mini ba?"

Na zayyana mata komai. Tana tuƙa tuwo ta ce, "Waƙar, akwai zagin wani a ciki?"

"Babu, Yaya. Kiran mutane gona ne da roƙon ruwa."

"To ni ba malama ba ce, ban san hukuncinta ba, ba kuma zan ƙirƙira miki ba. Amma Harami ai yana da iyaka, ba duniya duka ya cinye ba. Mu fita bayan alama ki yi wa 'yarki abinta, mu dawo. Shi ke nan."

Na ce to mu je Tan'im, inda masu Umara ke fita ɗaukar niyya, tunda nan ya fi kusa. Ta ce in rufa mata asiri, a tsakiyar masu Labbaika zan tsaya ina kiɗa? Hanyar kudu za mu bi, inda babu kowa sai duwatsu.

Samun ranar ma aiki ne. Yau tanka ba ta zo ba, gobe baƙi sun ƙaru, jibi motar Malam Sule tana gareji. Sai da aka shiga goman ƙarshe sannan muka samu wani hantsi. Tulu babu, Hajiya Dije ta wanke wata jarkar mai ta miƙo mini, ta ce in ba ta yi ba in yi haƙuri, Makka ba a gina tukwane. Muka ɗauki iƙamarmu, wato takardar zama, saboda masu tsaron hanya, muka shiga mota.

Muka wuce Kudai, manyan motocin alhazai jere a rana kamar an shanya su. Gari ya ƙare, sai baƙaƙen duwatsu da kwalta tana ƙyalli kamar an zuba mata ruwa. Malam Sule ya nuna mana ginshiƙan da ke gefen hanya, ya ce nan ne iyaka. Ya ƙara gaba kaɗan ya tsaya kusa da wata ƙaya da ba ta da inuwar da za ta rufe akuya.

"Hajiya, ku yi sauri don Allah, wannan rana ba ta wasa ba ce," ya ce. Bai tambayi abin da ya kawo mu ba, ya ɗaga gilashi ya ciro carbinsa.

Muka taka zuwa bayan wani dutse. Zafin ƙasa yana ratsa takalmi, iskar kuma kamar an buɗe murfin tukunya. Hajiya Dije ta sa wayar a ƙarƙashin mayafinta don kada rana ta kashe ta, ta danna, ta ɗaga mini kai.

Na rungume jarkar na buga bakinta. Hannuna bai manta ba. Kiɗan ya fito daidai, har tsigar jikina ta tashi. Na zagaya shi sau ɗaya, na sake zagayawa, na kuma zagayawa. Can amshin ya fito daga bakina da kansa, a daidai gurbinsa. Na ci gaba da kiɗa. Sai na lura da abin da nake yi: jira nake.

"Fara mana, wayar na ɗauka," in ji Hajiya Dije.

"Yaya, ba ni ke farawa ba."

"To wa?"

"Inna."

Na rufe ido na bi muryar da ke cikin kaina. Tana nan, ina jin inda take hawa, ina jin inda take jan numfashi, har ɗan karyewar da take yi a ƙarshen baiti. Amma kalmomin kamar mutum na magana a bayan bango. Sai a lokacin na gane ban taɓa furta su da bakina ba, ko sau ɗaya. Duk shekarun da na yi a bayanta, in tana bayarwa ni hankalina na kan hannuna da wurin da zan shiga. Ashe matan zumunta ma da suka turo Murna gare ni abin da ke hannunsu ke nan, kowacce tana zaton na kusa da Inna ya fi ta. Da na gwada ko sau ɗaya a soro, da na sani tun farkon wata.

Hajiya Dije ta ga yadda fuskata ta koma. Ta ce, "Faɗa mini abin da take cewa, ni in ba ki ke ki amsa. Ko da gurgun yare ne zan yi."

"Shi ne ban sani ba, Yaya."

Ban haƙura nan take ba. Na yi ta lalube. Na kamo kalmar ruwa, na kamo sunan wata maƙwabciyarmu da Inna ke ambata, na kamo wani guntu da nake zaton daga baiti na biyu yake, na ɗora su, suka ƙi zama. Yaren ma da kansa ya yi mini nisa, shekaru ba ni da abokin yin sa. Harshena ya manne a ganɗa, leɓena ya tsage. Wayar ta ɗauki zafi ta mutu, muka jira ta huce a hammatar Hajiya, muka sake. Na so in yi kuka, idona ya yi ta raɗaɗi amma babu ruwan da zai fito. Malam Sule ya danna oda, azahar ta gabato, ga wake na jiranmu.

A ƙarshe na ɗauki abin da nake da shi. Kiɗa, sai shiru daidai tsawon baitin Inna, sai amshi, sai shiru, sai amshi, har inda na san waƙar ke ƙarewa. Muka koma mota. Da muka zo ginshiƙan iyaka Hajiya Dije ta ɗora hannunta a kan gwiwata, ba ta ɗauke ba har Shisha.

Na tura saƙon ba tare da na ƙara ko kalma ba, kunya ta hana ni. Amsar ta same ni da yamma a kan matakalar wani bene a Aziziyya, kula a kaina. Na sauke na kara wayar a kunne.

"Mama, na saurara, na sake saurara. Muryarki irin ta Kaka ce sak, har na tsorata. Amma kina ta cewa kun ji, kun ji. Me kuka ji, Mama? Wurin da kika yi shiru, shi malam yake so."

Aka kira sallah. Dabino yana hannuna, na sa a baki don sunna kawai.

Duk da haka Murna ta kai wa tsohon malamin. Ta ce ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye, ya ce kiɗan daidai ne, amshin ma daidai ne, amma amshi kowa shi yake kawo masa, masu bayarwa ne suka ƙare. Ya ce ta je ta nemo sauran, ƙofarsa a buɗe take. Ragowar kwanakin azumin na yi su ina farautar kalmomi a bakin kasko. In na kamo wata sai in riƙe ta kamar mai ɗauke da ƙwai, in kira Murna in faɗa mata da baki, ba rerawa ba. Ta yi ta zagaya tsofaffi da su. Ba su haɗu sun zama ko baiti ɗaya ba. Na roƙi Allah a dararen nan masu daraja ya dawo mini da ita, ban san ma ko roƙon da ya dace ba ne, na dai roƙa.

Ranar Sallah, mun dawo daga idi, ta kira.

"Barka da Sallah, Mama. Na ba Kawu amsa. Filato zan tafi."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

"Kada ki damu, Mama. Kin yi ƙoƙari."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yarinya ta roƙe ni abu guda a rayuwarta, ta koma tana lallashina. Ranar ga ruwa ga abinci, babu mai hana ni, amma ko kunu ban iya sha ba.

Yanzu abubuwa sun canja. Mun sauko daga tudu, famfo ba ya ɗaukewa, kicin da taga, waya kuma har fuskar mutum take nuna maka. Ina ganin Murna duk lokacin da na so. Tsohon malamin ya rasu ba da jimawa ba, an ce makarantar ta koma koyar da abin da kowa ke koyarwa. Suri ma da Inna ke hawa, Kawun Murna ya ce an baje shi an yi shago.

Murna kuwa ta yi karatunta ta gama. Shekarar da za ta fita ta turo mini waƙar da ta jagoranta a bikin kammalawa, ita ke kan piyano, ɗalibai na rerawa. Ban buɗe ba, na ajiye ta har ranar da muka raka wasu baƙi filin jirgin Jidda. A hanyar dawowa, kafin mu kai iyaka, na ce Malam Sule ya ɗan tsaya. Na danna.

Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sauti ne mai cika kunne kamar ruwan sama a kan kwano, muryoyi maza da mata sun tashi tare, suna tafiya tare, babu wanda ya kauce.

"'Yar taki ta iya," in ji Hajiya Dije.

Na ce ta iya. Tafin hannuna yana kan gwiwata a shirye, ina jiran inda za ta ajiye in karɓa. Har waƙar ta ƙare ba a bar mini wurin shiga ba.